Yadda Auta Mai Guga Ya Shiga Wasan Tasha

Faɗa mafi zafi da na taɓa yi da Auta, a kan wani mutum muka yi shi wanda ko uwa ba ta haife shi ba. Direban jirgin ƙasa ne a cikin wasan rediyo. Auta ya kashe shi da biro wata Talata da la'asar, ina zaune a bencin shagonsa ina ɓarar gyaɗa.

Ya karanto mini daga littafinsa wai jirgi ya kauce daga kan dogo, Direba ya cika nan take. Ya ɗago kai yana jiran in ce ya burge ni.

Na ce, "Maimaita."

Ya maimaita.

Na ce, "Auta, wa ya ba ka izinin kashe shi?"

Ya ce, "Yaya, ai labari ne. Kuma ni nake rubutawa."

"Kai kake rubutawa, ni kuma nake saurare. Shekara tara ina bin mutumin nan. Ya haye gadar da ruwa ya ci rabinta bai mutu ba, ya yi tuƙi da zazzaɓi bai mutu ba, sai kai da ko keke ba ka iya ba za ka zo ka kifar da shi? Me ya tare maka?"

Ya buɗe dutsen guga ya hau juya gawayin da ba ya bukatar juyi. Ni kuwa na riga na harbo jirginsa. A wasan, Direba shi ke neman yarinyar da ke sayar da tikiti. A nasa rubutun kuma Auta ya shigo da wani baƙo wai shi Injiniya, dogo, mai farar kwat, da ɗan tabo a haɓa. Auta ma yana da tabo a haɓa. Ina nan ranar da ya same shi, daga kan katanga ya faɗo yana ɗan shekara takwas, ni na danne masa wurin da gefen zanina.

Na ce, "Wato ka kashe bawan Allah don ka aure masa budurwa. Tsoho da kai, furfura har cikin kunne."

Na kwashe gyaɗata na bar masa ɓawon. Sati uku ban taka shagon ba, ko da zan wuce sai in bi ta bayan layi. A sati na huɗu ya zo ƙofar ɗakina da littafin a hammata, ya yi sallama, ya tsuguna. Ya karanta mini cewa ashe Direba suma ya yi, ya farfaɗo a asibiti da karaya a ƙafa, yana tambayar ko fasinjoji sun tsira.

Na ce, "To, yanzu ka yi magana. Shigo ka ci abinci."

Auta ƙanin mijina ne. Da aka kawo ni gidansu yana ɗan shekara bakwai, kansa duk ƙura, wandonsa na faɗuwa. Ni na yi masa wanka, ni na cire masa ƙaya, ni kuma na fi kowa zane shi, shi ya sa har ya yi furfura bakina bai daina ganinsa yaro ba. Ya yi makaranta zuwa aji shida, ya fi kowa karatu a ajinsu. Ni ban taɓa shiga aji ba, wannan ma da kuke karantawa da baki nake faɗa ana rubutawa. Da mahaifinsu ya kwanta ciwo sai aka cire Auta aka kai shi wurin wani mai wanki da guga ya koyi sana'a. Ya koya, maigidan nasa ya tsufa ya bar masa shagon, shi ke nan. Shekara arba'in da ɗoriya yana wuri guda.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai kallon titi, tsakanin mai faci da mai sayar da katin waya. Tebur dogo a jikin bango, an shimfiɗa masa tsohon bargo da farin ƙyalle a sama, ƙyallen ya yi tabon ƙuna wuri uku. Dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi, amma na gawayin ya fi so, ya ce shi ne mai nauyin da ke kwantar da tufa. Igiya ta ratsa ɗakin daga taga zuwa ƙofa, riguna na rataye a hanga kamar mutane a layin asibiti. Sama da tebur akwai kanta, a kanta rediyo da gwangwanayen madara. Kafin Auta ya taɓa kowace riga sai ya zazzage aljihunta, abin da ya samu, maɓalli ne, makulli ne, hoton yaro ne, sai ya jefa a gwangwani ya ajiye wa mai shi. Ya san mutanen unguwa ta tufafinsu fiye da yadda matansu suka san su. Yakan ɗaga riga ya ce, "Wannan ya fara ƙiba, dubi yadda maɓallin ciki ya ja." Ban taɓa jin ya faɗa wa wani ba sai ni, ni kuma da ma bakina a kan mutane yake, ba na bukatar taimako.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, wadda ta yi karatu ta zama nas. Mijina ma ya riga mu gidan gaskiya. Sai ya zamana tsofaffi biyu ne suka rage a gidan, ni a ɗakin ciki, shi a na bakin ƙofa, muna faɗa a kan buta da tsintsiya.

Abin da ya haɗa mu shi ne wasan nan na rediyo. Duk Talata da la'asar ake sa shi, labarin wata tashar jirgin ƙasa ne da mutanenta, Shugaban Tasha mai masifa, Direba, Mai Tikiti, da sauran tarkace. Ina zuwa da gyaɗata in zauna a benci, shi yana guga, muna ji. Idan an zo wuri mai daɗi sai ya ɗaga dutsen sama ya riƙe don kar ya ƙona kayan mutane. Rannan kawai, ba sallama ba bankwana, wasan ya ƙare. Kashi na ƙarshe jirgi ya tashi da Direba a ciki, Mai Tikiti tana tsaye a bakin dogo da wasiƙar da ba ta ba shi ba. Talata ta zagayo muka kunna, sai muka ji ana koya wa mutane kiwon kaji.

Ni na yi tsaki na zagi masu gidan rediyon har kakanninsu, na huce. Auta bai huce ba. Bayan wata guda na gan shi ya sayo littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Yana jiran gawayi ya kama, sai ya jingina da tebur ya yi layi biyar. Yana jiran sitati ya sha iska, ya ƙara uku. Ranar Talata ya kashe rediyo ya ce, "Yaya, zauna ki ji abin da ya faru bayan jirgin ya tashi."

Haka muka ci gaba. Shi ke da biro, ni ke da kai. Duk abin da aka yi a wasan cikin shekara tara yana nan a ƙwaƙwalwata, ba ya goguwa. Idan ya rubuta wai Shugaban Tasha ya sha shayi da sukari, sai in ce, "Ƙarya kake, likita ya hana shi tun shekarar da aka sace ƙararrawa." Ya soke ya gyara.

Injiniya kuwa a babi na uku ya sauko daga jirgi da jakarsa. Tun da na ji tabon haɓa na gane ko wane ne, na yi shiru. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana goge rigunan da wasu za su sa su tafi wurare, shi yana tsaye a wuri guda, in ya ɗinka wa kansa kwat ɗaya da biro ya hau jirgi, wa ya cuta? Sai dai Injiniyan nan ya cika iyawa. Ya fi Shugaban Tasha sanin doka, ya fi likita sanin magani, in ya yi magana kowa sai ya yi tsit. Mata suna leƙensa ta taga. Na ce, "Auta, wannan mutumin naka ko tuntuɓe ba ya yi? Ko atishawa?" Ya ce ai mutum ne mai natsuwa. Da natsuwar ta kai shi ga kashe Direba ne muka yi wancan faɗan.

Bayan mun shirya, 'yarsa Nas ta zo hutu ta tarar da littattafai bakwai a ƙarƙashin tebur. Ta karanta, ta yi ta dariya, ta ce, "Baba, ai ba kai kaɗai ba ne. Akwai guruf guda, wani zauren hira a waya, duk masu jin haushin yadda wasan ya ƙare ne, kowa yana rubuta nasa ci gaban." Ta saya masa waya mai shafawa, ta koya masa ɗaukar hoton shafi ya tura. Da aka tambaye shi sunan da zai shiga da shi, ya ce a sa Injiniya.

Nan na ga ikon Allah. Ashe kowa haka yake yi. Auta yana karanto mini na sauran. Wata ta kawo Shugabar Makaranta tasha, ta zo ta gyara wa kowa zama. Wani ya kawo Matuƙin Jirgin Sama, ban san me jirgin sama ya zo yi a tashar jirgin ƙasa ba. Wata yarinya kuma ta mai da kanta ƙanwar Mai Tikiti da aka ɓatar tun tana jaririya, ta fi yayar kyau, ta fi ta hankali. Kowa ya samu ƙofa ya shige da tabarmarsa. Na ce tashar nan in ba a yi hankali ba fasinja ba zai samu wurin tsayawa ba.

Nasa ya karɓu. Suna rubuto masa, "Injiniya, Allah ya ƙara basira." "Ranka ya daɗe, yaushe babi na gaba?" Sai ya karanta sau biyu, ya gyara tsayuwa. Ba su san wani Auta ba. A zatonsu injiniya ne na gaske da ya yi ritaya, shi kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Amma hali zanen dutse. Ku ji yadda Injiniyan nan yake gyaran jirgi: ya buɗe wani ƙarfe, ya ɗaure wani ƙarfe, ya buga wani ƙarfe, jirgi ya tashi. Layi biyu an gama. To ranar da Shugaban Tasha zai tarbi manyan baƙi, aka ga kwat ɗinsa ta yamutse. Sai ga Injiniya ya tuɓe agogo ya karɓi kwat. Shafi uku cur. Ya fara zazzage aljihu. Ya lasa yatsa ya taɓa gindin dutse ya ji ƙarar. Ya juya kwala ya fara ta ciki, daga baki zuwa tsakiya don kar ta tattare. Ya shimfiɗa ɗanyen ƙyalle a kan baƙin yadi don kar ya yi sheƙi. Ya bar ta a hanga ta huce kafin a sa, domin tufa mai zafi in aka sa ta nan take sai ta koma gidan jiya.

Na ce, "Auta, wannan injiniyan a wace makaranta ya karanta kwala?"

Ya ce, "Mutum mai ilimi ai komai ya sani."

"Ya san komai ban da injin."

Ya tura shi haka. Aka yi ta yabo. Sai wani da ke kiran kansa Makanike ya rubuto, "Injiniya, wane ƙarfe ne ka ɗaure a babi na tara? Na yi shekara talatin a ƙarƙashin tarago, ina so in ƙaru." Auta ya yi kwana biyu bai buɗe waya ba.

Ana cikin haka 'yan guruf suka yanke shawarar haɗuwa ido da ido. Matar nan da ta kawo Shugabar Makaranta ta ba da ɗakin taro a makarantarta, ranar Asabar da hantsi, kowa zai karanta babi ɗaya da bakinsa. Suka sa Injiniya a farko, wai shi ne babba.

Tun daga ranar Auta ya daina cin abinci sosai. Ya ce ba zai je ba, ya ce zai je, ya ce zai ce ba shi da lafiya. Ya ce in bai je ba za su ce girman kai ne, in ya je kuma su ga mai guga, ya gama rubutu ke nan, don ba zai iya sake tura ko layi ɗaya ba. Ni na san da gaske yake. Rubutun nan shi ne abin da ya samu bayan rasuwar matarsa, ba na so ya rasa shi.

Ranar Juma'a da hantsi na kai masa ruwan sanyi, na tarar ya tura ƙofar shago, abin da ba ya yi. Na tura na shiga. Ga Auta a gaban ɗan madubi, sanye da farar kwat. Na san kwat ɗin, ta wani lauya ce da ya kawo guga ya yi tafiya, sai wani satin zai dawo. Ta zauna masa kamar don shi aka ɗinka, wannan ba zan ɓoye ba.

Na ajiye kofin. Na ce, "Sannu, ranka ya daɗe. Ina mai shagon ya tafi?"

Ya ce, "Yaya, awa uku ne kawai. In dawo in wanke in goge, ba zai taɓa sani ba."

"Shi ba zai sani ba. Kai fa?"

Ya kau da kai daga madubin.

Na ce, "Ranar da maigidanka ya ba ka makullin shagon nan ina tsaye. Abu ɗaya ya ce maka, kayan mutane a hannunka suke, ba a jikinka ba. Ranar ɗaurin aurenka rigarka ta ƙone, ga riguna ashirin rataye a kanka, ka tafi da ƙonanniyar ka rufe wurin da hannu. Yau da furfura za ka sa kwat ɗin mutum don wasu da ba su taɓa ba ka ko ruwa ba su ce maka ranka ya daɗe? Kayan aro ba ya rufe katara, Auta. Kuma in Makanike ya sake tambayarka ƙarfe, kwat ce za ta amsa?"

Ya ce, "To in je in ce musu me? In ce ga ni, mai wankin wandunan mutane?"

"Ka ce musu ga wanda ya rubuta. Ko kwat ce ta rubuta?"

Ya cire kwat ɗin a hankali, ya duba kwalar ko ta taɓa gumi, ya mayar a hanga, ya rufe da leda. Ya zauna a benci ya shanye ruwan. Ya ce, "Sai dai ki raka ni."

Na ce, "Da ma ko ba ka ce ba zan je. Ina so in ga mai jirgin saman nan."

Washegari ya sa tsohuwar rigarsa ruwan toka da wandonta. Tsofaffi ne, wuyan har ya fara cin kansa, amma karin da ya fitar musu zai iya yanka albasa. Muka hau mota muka je.

Ɗakin taron aji ne aka jera kujerun yara, mutum goma sha tara na ƙirga. Shugabar Makaranta dai shugabar makaranta ce ta gaske, da gilashinta da muryarta, tana shigowa na ji ni ma ina so in gyara zama. Matuƙin Jirgin Sama bai zo ba, har yau ba wanda ya san ko wane ne. Ƙanwar Mai Tikiti ta zo, 'yar siririya, tana ta leƙen ƙofa tana jiran Injiniya ya shigo, alhali yana zaune kusa da ita.

Aka kira shi. Ya tashi da littafin a hannunsa. Ya ce, "Jama'a, kafin in karanta. Ni ba injiniya ba ne. Wanki da guga nake yi, shekara arba'in da uku. Jirgin ƙasa sau biyu na taɓa shiga."

Ni kuwa na riga na shirya abin da zan faɗa wa duk wanda ya yi dariya.

Sai wani ƙaton tsoho a baya ya miƙe, hannayensa kamar faranti. Ya ce, "Ni ne Makanike. Malam, tun babin kwat ɗin Shugaban Tasha na gane. Na ce wa matata, mutumin nan bai taɓa riƙe sifana ba, amma dutsen guga kam a hannunsa aka haife shi." Ya ɗaga wata leda. "Shi ya sa na zo da wannan. Kwat ɗina ce ta bikin 'yata, na goge da kaina ta yi sheƙi a kafaɗa. Tana gyaruwa?"

Ɗaki ya fashe da dariya, irin wadda ba ta ciwo. Auta ya ajiye littafi ya karɓi kwat, ya kai ta bakin taga ya karkata ta a haske. Kafin ya ce komai sai da ya zura hannu a aljihunta, ya fito da makulli ya miƙa wa mai shi. Makanike ya ce, "Kai! Sati biyu ina neman wannan!" Auta ya ce sheƙin zai tafi, ɗanyen ƙyalle da tururi ne maganinsa, ya kawo shago ranar Litinin. Sannan ya karanta babinsa har ƙarshe, aka tafa masa.

Ba duka ne suka ji daɗi ba, kar in yi muku ƙarya. Ƙanwar Mai Tikiti ko sallama ba ta yi mana ba, da yamma ta rubuta a guruf cewa ita ba ta son yaudara, ta fita. Wannan ya sosa wa Auta rai, ya yi kwanaki yana maimaitawa. Na ce masa yarinyar tana da gaskiyarta, ya bar mutane cikin zato wata takwas, dole wani ya ji ciwo. Na ƙara da cewa ita ma ai ba a ɓatar da ita tana jaririya ba, amma wannan a tsakaninmu na faɗa.

A mota muna dawowa ya ce, "Yaya, kin ji yadda suka tafa?"

Na ce, "Na ji. Kar kanka ya kumbura, hular ba za ta shiga ba."

Bayan sati biyu ya karanta mini sabon babi. An kira Injiniya aiki a wata ƙasa, ya hau jirgin safe da jakarsa, aka yi masa rakiya, ya tafi. A ranar kuma wani tsoho ya kama hayar ɗan ɗaki a bayan tasha, ya shimfiɗa bargo a tebur, ya hura gawayi. Ba dogo ba ne, ba ya gyara wa kowa magana, Shugaban Tasha ma kullum sai ya yi masa masifa a kan sitati. Amma kowa a tashar sai ya bi ta shagonsa, shi kuma daga aljihunsu yake sanin abin da ke damunsu. A aljihun rigar aikin Mai Tikiti ya tsinci wasiƙar nan da ba ta bayar ba, ta yi laushi don daɗewa. Bai buɗe ba. Ya sa ta a gwangwani. Da Direba ya zo karɓar kayansa da sandarsa, sai tsohon ya yi kuskuren da ba kuskure ba, ya miƙa masa gwangwanin da ba nasa ba.

Na ajiye gyaɗa. Na ce, "Sake karanta wurin nan."

Ya ce, "Akwai gyara?"

"Babu. So nake in sake ji."

Shekara huɗu ya yi yana rubuta mai gugar tasha. Makanike ya zama abokinsa, duk Litinin yana benci, ya ƙwace mini rabin wuri, yana gyara masa sunayen ƙarafa ni ina gyara masa tarihin mutane. Har aka yi bikin Direba da Mai Tikiti, mai guga ne ya goge kayan ango, bai ma samu zuwa wurin bikin ba saboda aiki. 'Yan guruf suka yi ta rubuto cewa a sa shi ya je mana. Auta ya ce a'a, haka abin yake, mai guga ranar biki ba ya ganin biki.

Bara kafaɗarsa ta dama ta gaza. Dutsen ya fi ƙarfinsa, in ya ɗaga sai ya cije leɓe. Nas ta zo ta ce ya isa haka, ta gyara masa ɗaki a gidanta a garin da take aiki. Ya yi gardama wata biyu, sannan ya yarda. Ya kira masu kaya ɗaya bayan ɗaya ya ba kowa nasa, har da gwangwanayen. Ni aka ce in biyo su, na ce ina nan, ban ga wanda zai raba ni da ɗakina ba sai mai rabawa.

Ranar tafiya da safe mota ta tsaya a ƙofar gida, an ɗaure katifa a sama, littattafansa cikin kwali a kan cinyarsa. Nas tana ta cewa, "Inna, ku yi sallama rana na yi." Ya sauke gilashi ya kira ni da hannu.

Ya ce, "Yaya, ina tunanin babi na gaba. Tunda na rufe shago, shi ma tsohon tasha sai in sa ya rufe nasa, 'yarsa ta zo ta ɗauke shi. Kin ce kar in riƙa ƙarya."

Na dafa ƙofar motar na sunkuya daidai kunnensa, don ya fara rashin ji.

Na ce, "Kai kafaɗarka ta gaza, shi tasa lafiya lau take. Wa zai goge wa Shugaban Tasha kwat? Ka bar bawan Allah ya yi aikinsa. In na ji ka rufe masa shago, wallahi mota zan hau in zo har gidan 'yarka in same ka."